Wace Motar Daji Ta Dace Da Ƙasar Potiskum?

Da zarar kaka ta yi, aka fara zuba gero da wake da riɗi a kasuwannin Jihar Yobe, sai maganar sayen mota ta tashi a zangunan 'yan Arewa da ke nan Kudu. A Agege da Mil 12 cikin Legas, a Sabon Badun, a Shagamu, har Anacha da Fatakwal, akwai mutanen Potiskum da kewayenta waɗanda suka yi shekara da shekaru suna tara 'yan kuɗinsu a cinikin shanu ko hatsi ko canji, burinsu su aika gida da motar da za ta riƙa shiga ƙauyuka tana fito da kaya. Abin da ke raba kan masu wannan niyya shi ne wace iri za a saya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, irin wannan mota ta zama dukiyar da mutum ba ya saye sau biyu. In ya yi kuskure, to, gumin shekara goma ne zai kwanta a garejin makaniki, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Potiskum dai gari ne na mota. Hanyar Kano da ta biyo ta Azare da hanyar Bauchi a nan suke haɗuwa, su miƙe zuwa Damaturu, kimanin kilomita 100, su zarce Maiduguri. Wata hanyar ta yi kudu ta ƙasar Fika zuwa Gombe, wata kuma ta yi arewa ta Jakusko zuwa Gashuwa. Kasuwar shanun garin tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kara a Legas ya ga tirelolin Potiskum suna sauke dabbobi. Amma tirela iyakarta kwalta. Buhun da za a loda mata, wata ƙaramar mota ce ta shiga daji ta ɗauko shi, ko kuwa amalanken shanu, wanda har gobe shi ne ba ya jin tsoron yashi ko taɓo, sai dai ba ya sauri.

ƘASA IRI UKU

Wanda zai sayi mota ya kamata ya fara da tambayar kansa inda za ta riƙa zuwa, domin ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Kudu da Potiskum, wajen Gadaka da Fika da Ngalda, akwai tuddai da duwatsu da kwazazzabai waɗanda ruwa ke ƙara ci kowace damina. Can abin da mota ke bukata shi ne tsawo daga ƙasa da sifirin mai ƙarfi. A fadamu da bakin rafuka kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, laka ce mai kama taya kamar danƙo. Arewacin jihar, wajen Yusufari da Yunusari da Machina da Gaidam, nan ne rairayi yake, har da tsaunukan yashi na Tulo-Tulowa. Motar da ta yi suna a kan dutse tana iya nutsewa har ciki a yashin nan, fasinja su sauka suna tono da hannu cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40.

Ko kwaltar ma ba kullum ake dogara da ita ba. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, direbobi suka koma zagaye.

BA KOWACE JIF CE JIF BA

Babban ramin da mai saye ke faɗawa a Legas shi ne sunan nan "jif". Duk motar da ta ɗan yi tsawo, dillali jif zai kira ta. Highlander jif, RAV4 jif, Lexus RX jif. Waɗannan motoci ne na iyali, an yi su don titin Amurka. Da yawa cikin waɗanda ake shigowa da su tayoyin gaba kaɗai ke ja, kuma ko mai ja da huɗun ba ta da ƙaramar giyar nan mai ƙarfi wadda direbobi ke kira ogzilari. Ba a kuma ɗora jikinsu a kan shasi na ƙarfe daban ba. Za su kai amarya Damaturu cikin sanyin iyakwandishan, amma in aka ɗora musu buhu shida aka nufi Ngalda da damina, sai a yi shirin neman tarakta.

Motar daji ta gaskiya abu uku take da shi: shasi mai kama da tsani, ja da ƙafa huɗu, da ƙaramar giya. Kada mai karatu ya yarda da rubutun da aka manna a jikinta, don wannan ana sayar da shi a Ladipo. A sa yaro ya kwanta a ƙarƙashi ya duba. In farfela biyu ce ta fito daga bayan giyabos, ɗaya ta yi baya ɗaya ta yi gaba, to, ƙafa huɗu ce. In ɗaya ce tak, ƙafa biyu ce komai tsawonta. Akwai ma wata akori-kura ta Amurka, Tacoma PreRunner, wadda aka ƙera da tsawon ta daji da tayoyin ta daji, amma baya kaɗai take ja.

NA DA DA NA YANZU

Dattawa ba su manta da Land Rover ba, watau Landirofa, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Ita ce motar Razdan da Di'o da malaman dabbobi, daga baya kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Badun. Jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa. An daina ƙera tsohon samfurinta a Janairun 2016, kuma yau wanda ya saye ta zai sha wahalar kayan gyara. Haka Peugeot, wato Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Akori-kurar 404 da 504 baya kaɗai suke ja, amma sun yi shekaru suna cin kasuwannin ƙauye, don kuwa babu garin da ba a san cikinsu ba. Wannan shi ne sirrinsu, ba ƙarfin inji ba.

Yau filin na Toyota ne, kuma mota biyu ake magana a kai. Ta farko Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984 kuma har yanzu ana ƙera ta. Maƙwabta a Chadi sun san ta sarai: a 1987 sojojin Hissène Habré da irin waɗannan akori-kura suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Injinta da ya fi suna, 1HZ, na gas ne, silinda shida, lita 4.2, ya fito a 1990, ba shi da kwamfutar da za ta rikita makaniki. Ba ta da gudu, ba ta da daɗin zama, kujerarta kamar benci. Amma a yashin Yusufari ba ta da na biyu. Aibinta tsada, ko tsohuwa ce, domin sojoji da ƙungiyoyin agaji da 'yan hamada duk ita suke nema.

Ta biyu Hilux, wadda aka fara yi a 1968, mai ƙafa huɗunta kuma ta fito a 1979. Ta fi Land Cruiser sauƙin kuɗi da sauƙin mai, kuma akasarin waɗanda ke Nijeriya na fetur ne, injin lita 2.7. Kayan da aka ƙayyade mata kimanin tan ɗaya ne, buhu goma ke nan na kilo 100, mai gida biyu kuwa bai kamata ta kai haka ba in ta cika da mutane. Kowa ya san direbobi suna ninka wannan, su ƙara ganyen sifirin, su ce ta ɗauka. Tana ɗauka ɗin, amma birki da aksul ba a ƙara musu komai ba, ranar da za su gaji kuwa ba sa yin sallama.

Ga mutumin da aikinsa tsakanin Potiskum ne da Nangere da Fune da Fika, Hilux mai ƙafa huɗu ta wadatar, sayen Land Cruiser ɓarnar kuɗi ce. Wanda zai riƙa ratsa arewa da Gashuwa rani da damina, shi ne ya kamata ya daure ya nemi Land Cruiser. Wanda kuwa kasuwanninsa duk a bakin titi suke, irin su Damagum da Ngelzarma, ba ya ma bukatar ƙafa huɗu. Akori-kura mai ƙafa biyu ta fi arha, ta fi shan mai kaɗan, kuma abubuwan lalacewa a cikinta sun fi ƙaranci.

Wasu samari sukan kawo maganar babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake haya a bakin teku a Legas. Kamfanin Honda ne ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ya kawo mai huɗu a 1982, a 1988 kuma aka daina sayar da sabon mai ƙafa ukun a Amurka saboda yawan kifewa da yake yi da mutane. Yana da amfani a zagayen babbar gona. Amma ba ya ɗaukar kaya, ba a yi shi don kwalta ba, tayarsa kuma ba a samunta a tasha. A jihar da aka taɓa hana hawan babur tun 2012 saboda rikicin Boko Haram, wanda zai kawo baƙon abin hawa irin wannan gara ya fara jin ta bakin hukuma.

MAKANIKI KAFIN DILLALI

Nan ne ainihin maganar take. Mota a Legas ake sayenta, amma a Potiskum za ta yi rayuwa, tsakaninsu kuwa fiye da kilomita 1,200. Kafin mutum ya je Berger ko ya aika Kwatano, ya kamata ya buga wa makanikin da zai riƙa duba ta a gida, ya tambaye shi injin da ya sani, da wanda ake samun kayansa a cikin gari, da wanda sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, da wanda sai Ladipo ko Nnewi. Abin da ake samu a gari gyaran yini ɗaya ne. Na Kano kwana biyu ko uku. Na Kudu kuwa mako guda ne ko fiye, in ma an aiko da daidai, kuma kowace ranar kasuwa da ta wuce mota na kan jak asara ce ga mai ita da direba da yaron mota.

Saboda haka ne sababbin injinan gas masu kwamfuta suke da haɗari ga ɗan ƙauye. Suna da ƙarfi, suna da tattalin mai, amma nozul ɗinsu ba ya haƙuri da gas mai ruwa ko datti, irin wanda akan saya a jarka a bakin hanya. Nozul ɗaya in ya mutu kuɗinsa ya isa sayen sa. Tsohon injin gas yakan yi tari ya wuce, na fetur kuma kusan kowane gareji an iya shi. Daɗin daɗawa, ƙurar hunturu tana cin inji a hankali, sai an riƙa kakkaɓe matatar iska a kai a kai, lagireto kuma ya zama mai tsabta kafin bazara.

RANAR CINIKI

Kada a je ciniki da yamma, kada kuma a je ba makaniki na kai, wanda ba abokin dillali ba. A fara da shasi. Motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan cinye ƙarƙashinsu, sai a shafe da baƙin fenti. A ƙwanƙwasa da guduma, ƙarfe mai lafiya ƙararsa daban. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ko akwai busasshiyar laka a lungunan da hannu ba ya kaiwa, domin bayan guguwar Harvey ta 2017 dubban motocin da ruwa ya shanye a Texas sun shiga kasuwar gwanjo. A duba sitiyari ma. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, watau sitiyari a hagu, kuma motar da aka yanke sitiyarinta aka mai da shi ɗaya gefen ba abin amincewa ba ce a kan gargada.

Gwajin ƙafa huɗu a kan ƙasa ake yinsa, ba a busasshiyar kwalta ba, don a kwalta yakan ɗaure farfela ya ɓata giya. A nemi fili mai yashi, a sa ƙaramar giya, a ga ko ta shiga ba gardama, ta kuma fita ba gardama. Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe, lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2318 an yi ta ne a mako na 23 na 2018, komai kyan zanenta. A ware kuɗin sababbin tayoyi tun cikin lissafin saye, da safaya biyu, da famfo, domin a yashi direba yakan rage iska sosai don taya ta baje, in ya hau titi kuma dole ya mayar.

Sai takardu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano da arha sai a yi hattara da ita. A ɗauki takardar kwastan a kai ofishinsu a tabbatar da ita, a gwada lambar shasi da ke jikin takarda da wadda ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. Daga Legas zuwa Potiskum shingaye ba su ƙirguwa, kuma Hilux da Land Cruiser su ne aka fi tsayarwa, musamman daga Azare zuwa gabas, tun da irinsu ne 'yan bindiga suka fi sata suna amfani da su. Direban da zai kai ta gida ya riƙe takardun asali da shaidar ciniki mai sunan mai ita, ya kwana a gari in rana ta faɗi, ya tashi da asuba.