Tarin fuka mai bijire wa magani: Ina makomar yaran gida?

A garuruwa irin su Rurum da Saji a Rano, ko Tarai da Durba a Kibiya, idan aka ce magidanci ya kamu da tarin fuka, abin da aka fi saurin yi shi ne a ware masa kofi da kwanon abinci. Yaran kuwa suna nan suna kwana ɗaki ɗaya da shi, taga a toshe saboda hunturu. Alhali ta iska cutar take bi: mai ita ya yi tari, na kusa da shi ya shaƙa.

Lamarin ya fi tsanani idan tarin mai bijire wa magani ne, wato wanda isoniazid da rifampicin, manyan magungunan tarin fuka (tibi) guda biyu, ba sa kashe ƙwayarsa. Yakan samo asali ne daga yanke shan magani kafin wata shida su cika, sai dai yaro bai san wannan hawa ba. Shi ƙwayar da ta riga ta ƙanƙare yake ɗauka kai tsaye daga uwa ko uba ko kaka. Masana sun ƙiyasta cewa yara 25,000 zuwa 32,000 ne ke kamuwa da irin wannan tari duk shekara a duniya, kuma kaɗan ne ake ganowa.

'Yan ƙasa da shekara biyar su ne a gaba wajen haɗari. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan yara da ƙwayar ta shiga jikinsu kan kwanta ciwon cikin shekara biyu idan ba a ba su maganin kariya ba. A jikin jariri cutar tana iya haurawa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Allurar BCG tana rage wannan mummunan nau'in, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Ga shi kuma yaro ba ya tofar da majina. Sai dai a ga yana ramewa, zazzaɓi ya ƙi tafiya, ya daina wasa, wani lokaci kaluluwa ta fito a wuya. A gida sai a ce haƙori ne, ko shawara, a jiƙa saiwa.

Abubuwa sun sauya a 'yan shekarun nan. Na'urar GeneXpert, wadda Najeriya ta mayar gwajin farko a 2016, tana gano ƙwayar da kuma bijirewarta ga rifampicin cikin awa biyu, har ma da kashin yaro ana iya gwajin yanzu. Ta fannin kariya kuwa, a da matsalar ita ce isoniazid da ake ba yaran gida don kariya ba ta aiki a kan wannan nau'in. Sai aka yi manyan gwaje-gwaje biyu, TB-CHAMP a Afirka ta Kudu da V-QUIN a Biyetnam. Da aka haɗa sakamakonsu, an ga shan levofloxacin kullum na wata shida ya rage kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Kano na cikin jihohin da suka fi yawan masu tibi a Najeriya, kuma Asibitin Zana da ke birni ya daɗe yana jinyar masu nau'in da ke bijire wa magani. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, akwai kuma lambar 3340 da ake kira ba tare da kati ba. Abin da ke kayar da talaka shi ne kuɗin mota da kunyar a ji.

Saboda haka, duk gidan da aka samu mai wannan tari, a kwashi yaran duka a kai su Babban Asibitin Rano ko cibiyar lafiya mafi kusa a duba su, ko da babu mai tari a cikinsu. Dagatai da masu unguwanni da limaman masarautar Rano su ma su riƙa faɗa wa jama'a haka a masallatai da wuraren suna.