Masu Ilmi Sun Bincika Abin da Ke Tsai da Gidan Kasuwanci

Yau za mu ɗan ajiye farashin gero da gyaɗa, mu duba wata tambaya. Me ya sa ake ganin mutum biyu a layi ɗaya, hajarsu ɗaya, jarinsu kusan ɗaya, amma bayan shekara biyar ɗaya ya buɗe rumfa ta biyu, ɗaya kuwa ya koma yaron wani? Mun sani arziki na Allah ne, amma akwai sababi. Malaman jami'a sun daɗe suna bin sawun wannan sababi, har cikin kasuwanninmu.

A 1962 zuwa 1963 wani malami daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan yana nazarin cinikin shanu da goro, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, ba banki, ba takardar yarjejeniya, kuma kuɗi su dawo. Da ya bi diddigi sai ya ga mai gida ne ginshiƙi. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalansa. Dillali kuwa ya san mahaucin da ke biya da wanda bashi ya yi wa katutu. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne ke ɗaukar nauyin, domin in ya bar baƙo ya koma Arewa da hasara, labari zai riga shi isa, ba mai sake sauka gidansa. Wata malama, Polly Hill, ta ga irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi, ta rubuta a 1966.

Wato jarin mai gida na gaskiya ba a aljihu yake ba. Amana ce da sanin mutane. To, amma ga inda gizo ke saƙar: duk wannan sani a kan mutum ɗaya yake. Sau nawa muka ga babban gida ya watse cikin shekara guda bayan rasuwar mai shi? Masu binsa bashi su zo da shaidu, waɗanda yake bi su yi shiru, magada su kama rigima, yaran gida kowa ya kama gabansa.

A nan binciken baya-bayan nan ya shigo. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya da Christopher Woodruff suka fitar da nazarin ƙananan sana'o'i fiye da 20,000 a ƙasashe 7, cikinsu har da Nijeriya da Gana da Kenya. Sun auna halaye 26 na ɗan kasuwa. Yana rubuta kowane saye da sayarwa? Ya san nawa kowace haja ta tsaya masa? Ya san wadda ta fi kawo riba? Yana zagayawa ya ga farashin abokan gasa? Yana neman ragi wajen sari? Kaya na yanke masa a rumfa? Suka tarar masu yawan waɗannan halaye sun fi ciniki, sun fi riba, kuma sana'arsu ta fi daɗewa ba ta mutu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka shiga aji kawai ya wadatar. A birnin Lome na ƙasar Togo an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu lissafi da tallar haja irin yadda aka saba. Na biyu aka horar da su kan himma, wato neman sabuwar hanya tun kafin a tilasta maka, da hangen matsala tun ba ta iso ba, da rashin karaya in an faɗi. Na uku ba a koya musu kome ba. Bayan an bi su shekara biyu, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ribar 'yan kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari. Ta 'yan kashin farko kuwa kashi 11 ne, su kansu masu binciken suka ce wannan ƙarin bai kai a dogara da shi ba. Ashe littafin lissafi ba ya aiki sai a hannun mai himma.

Abin da muka tsinta ke nan. Amana muna da ita tun kaka da kakanni, himma kuma ita ta kai fatakenmu Gwanja da jakuna. Abin da ya rage shi ne rubutu. Ba sai an ɗauki akawu mai Turanci ba. Wannan ajamin da muke karantawa ya isa. A sami littafi biyu, ɗaya na shiga da fita, ɗaya na bashi, da suna da rana da adadi da shaida. Dillali ya rubuta la'adarsa daban, kuɗin mai kaya daban. Kuɗin cefane kada ya gauraya da uwar kuɗi. Mai gida kuma ya zaɓi ɗa ko yaro amintacce, ya riƙa buɗe masa littafin tun yana da ƙarfinsa, ya gabatar da shi ga baƙinsa.

In wani ya ce rubuta bashi rashin yarda ne, a tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Ba Bature ya fara faɗa mana ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da hasara, amin.