Ƙaramin Filin Jirgin Zariya, Inda Matuƙa Ke Koyon Tashi

Mu a nan Kafanchan da Sabon Tasha, idan aka ce jirgi, na ƙasa muke fara tunawa, domin layin dogo ne ya raya Kafanchan tun 1927. Yau kuwa sama za mu duba. Za mu nufi arewacin jiharmu, Zariya, unguwar Palladan, kan titin Sakkwato.

Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya daga Kwangila zuwa Samaru ya san abin da nake nufi. Kana cikin Keke, sai ka ji wata ƙara a bisa kanka. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya, ya yi ƙasa-ƙasa kamar zai shafi rufin kwano. Ya sauko, tayoyinsa su taɓa kwalta, maimakon ya tsaya sai ya ƙara wuta ya sake ɗagawa. Ya kewayo, ya sake. Ya kewayo, ya sake. Baƙo zai ce matuƙin ya rikice. A'a, darasi ake yi. Ɗalibi ne a kujera, malaminsa na gefe, ana koya masa sauka, domin a wannan sana'a tashi ba ya ba da wahala kamar sauka. Ranar da malam ya gamsu, sai ya fito ya rufe ƙofa, ya bar yaro ya tashi shi kaɗai. Ku kwatanta bugun zuciyarsa a wannan rana!

Asalin wurin a gurguje: a 1964 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar horar da ma'aikatan jiragen sama a wannan fili na Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. A lokacin akasarin masu tuƙa jiragen Nigeria Airways Turawa ne, ƙasa kuma ta sami 'yanci, tana son nata. Wannan cibiya ce yau kwalejin NCAT. Ba matuƙa kaɗai take yayewa ba, har da injiniyoyi da masu zama a hasumiya suna ba jirage umarnin sauka da tashi.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce Kyaftin Chinyere Kalu. A wannan fili ta koyi tuƙi, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama a Najeriya. Ta zauna ta koyar, har a 2011 aka naɗa ta shugabar kwalejin da ta shiga tana ɗaliba. 'Yan mata da ke saurarona a Kagoro da Zonkwa, kun dai ji.

Amma fa filin na da nasa ciwon kai. Idan hunturu ya kankama, hazo ya rufe sararin Zazzau, sabon ɗalibi da ke dogaro da idonsa sai ya haƙura ya zauna a ƙasa. Ga kuma gari. Da can jeji ne ya kewaye wurin, yanzu gidaje sun matso har gindin katanga. A 2021 hukumar tsara birane ta jiharmu, KASUPDA, ta rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland, ta ce filin kwalejin ne, magidanta suka wayi gari ba matsuguni. Jirgi na bukatar sarari, gaskiya ne. To amma ina hukuma take lokacin da ake auna fulotai, ana zuba bulo, shekara da shekaru? Ni dai wannan tambaya ba ta bar ni ba.

Garin Kaduna kuwa ya bi wata hanyar: tsohon filin jirginsa na Mando ya koma hannun sojojin sama, aka gina sabo can bayan gari, wanda ya karɓi jiragen Abuja na makonni shida a 2017. Na so mu tsaya a kan wannan, sai ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.