GUDUMMAWA BISA GA BUKATA: YADDA AKE TAIMAKON MASU DABARA A MA'AIKATAR JAMA'A

A cikin shekara ta 2001 damina ta lalace a ƙasar Malawi, yunwa mai tsanani ta auku har cikin 2002. A wani ƙauye cikin gundumar Kasungu akwai wani yaro ɗan manomi mai suna William Kamkwamba, shekarunsa 14. Tilas ya bar makarantar sakandare, gama iyayensa ba su iya biyan kuɗin makaranta ba, kimanin dala 80 a shekara. Da ya rasa aji sai ya riƙa zuwa wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu, inda ya ga hoton injin da iska ke juyawa a bangon wani littafi. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, saboda haka zane-zanen littafin ya fi bi.

Ya shiga jujin tsofaffin ƙarafa ya tsinto fankar tarakta. Ya gasa bututun roba a wuta ya miƙe shi ya yi fukafukai, ya ɗauki tsohon keken ubansa, ya sare itatuwan turare ya yi hasumiya. Abu ɗaya ya tsayar da aikin, watau dainamo, ɗan abin nan da ke ba fitilar keke wuta. Ba shi da kuɗin saye. Wani abokinsa ne ya zaro kuɗi ya saya masa. A cikin 2002 injin ya juya, ƙwan lantarki ya kama. Daga baya ya kunna ƙwai huɗu da rediyo a gidansu.

Mu lura da abu biyu cikin wannan labari. Na fari, ɗan kuɗi kaɗan ne ya tsaya tsakanin yaron da aikinsa. Na biyu, bayan injin ya tashi yaron ya ci gaba da zama a gida. Sai a ƙarshen 2006 wata jarida ta buga labarinsa, a 2007 kuma aka kai shi wani babban taro a Arusha, ƙasar Tanzaniya, inda mutane suka ɗauki nauyin karatunsa, har ya gama jami'ar Dartmouth a Amurka cikin 2014. Shi ya yi sa'a. Yara nawa ne irinsa da jarida ba ta je ƙauyensu ba?

Menene ma'aikatar jama'a?

Domin kada taimako ya rataya a kan sa'a, a ƙasashe da yawa an kafa abin da za mu kira ma'aikatar jama'a. Ɗaki ne ko rumfa inda aka tara kayan aiki: zarto, guduma, magagari, almakashin yankan kwano, injin walda, injin huda ƙarfe, keken ɗinki, a wasu wurare har da kwamfuta. Ba na mutum ɗaya ba ne. Kowa ya zo da tunaninsa ya yi aiki, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba.

Amma kayan aiki suna lalacewa, akwai kuɗin haya da na wuta, saboda haka yawancin ma'aikatun nan sukan karɓi kuɗi kowane wata. Nan ne talaka yakan tsaya a bakin ƙofa. To, wasu daga cikinsu suka ɓullo da wata hanya. Sukan keɓe gurabe kaɗan domin waɗanda ba su da halin biya. Wanda aka zaɓa yakan yi aiki kyauta na wasu watanni, a ba shi kuɗin sayen ƙarfe ko katako ko yadi, a haɗa shi da gwani mai duba aikinsa. Shi kuwa alkawarinsa shi ne ya gama abin da ya fara, ya nuna wa jama'a. Wajen zaɓe, abu biyu ake dubawa: ko dabarar tana da amfani, da kuma ko mai ita ba zai iya yin ta ba in ba a taimake shi ba. Wannan shi ne gudummawa bisa ga bukata.

Abin da aka yi a Arusha

Bernard Kiwia bakaniken keke ne a Arusha. A cikin 2007 aka gayyace shi zuwa makarantar MIT a Amurka, wurin wani taro da wata malama, Amy Smith, ta shirya. Manufarta ita ce injiniyoyi da manoma da masu sana'ar hannu su zauna teburi guda su ƙera abu tare. Da ya dawo gida ya fara duban keke da sabon ido. Ya ƙera abin cajin wayar hannu da ke aiki da keke, ya sa hannu cikin aikin injin casar masara da ake tuƙawa da ƙafa, ya yi abin ɗumama ruwa da zafin rana. Ya kuma zama ɗaya daga cikin shugabannin wata ma'aikatar jama'a a Arusha mai suna Twende, wanda a harshen Suwahili ma'anarsa "mu tafi".

A cikin 2018 gidan rediyon BBC ya ba da labarin wannan wuri. Cikin abubuwan da aka ƙera a can akwai amalanken watsa taki a gona, da injin tatsar mai daga fiya. Waɗanda suka ƙera su mutanen yankin ne, waɗanda suka san wahalar watsa taki da hannu, suka kuma ga fiya tana ruɓewa a gindin itace don rashin kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hanyar koyarwarsu ma abin lura ce. Amy Smith da abokan aikinta sun fara ta a arewacin Uganda cikin 2009, a tsakanin mutanen da yaƙi ya raba da gonakinsu. Horo ne na 'yan kwanaki. Akan fara da abu mai sauƙi, kamar lanƙwasa guntun kwano a yi ɗan abin raba ƙwayar masara da totuwa. Da mace ko dattijo ya ga abin da hannunsa ya yi yana aiki, sai tsoron kayan aiki ya fita. Sa'an nan a tambaye su wane aiki ne ya fi cin lokacinsu, su zaɓa da kansu, su ƙera.

Daga 2012 hukumar ba da agaji ta gwamnatin Amurka ta ba da kuɗi na shekara biyar domin faɗaɗa wannan aiki. Da kuɗin nan aka tallafa wa ma'aikatu a Tanzaniya da Uganda da Zambiya da wasu ƙasashe, aka kuma riƙa ba masu dabara ƙananan gudummawa don su gwada abin da suka ƙera. Shekara biyar ta cika, wannan kuɗi ya ƙare. Haka kuɗin waje yake, yana da ranar zuwa yana da ranar tafiya.

Namu na gida

Kada mu zaci sai a nesa ake samun irin waɗannan mutane. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malamin makaranta ne a jihar Jigawa, ya kuma fito daga gidan maginan tukwane. A tsakiyar shekarun 1990 ya gyara tsohuwar dabarar nan ta sanyaya ruwa a randa. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yashin ke bushewa ta jikin babbar tukunyar, yana janye zafin da ke ciki. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka yi mako uku.

Da kuɗin aljihunsa ya biya magina suka gina tukwane 5,000 na farko, ya rarraba a ƙauyuka. Sai a shekara ta 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000. Malam Bah Abba yana da albashi, shi ya sa ya iya jimrewa har kyauta ta iske shi. Da a ce wannan dabara ta faɗo wa wata magina a ƙauye wadda ba ta da ko na gishiri, ina za ta kai ta?

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka mun sha ganin irinsu: maƙerin da ya sake bakin garmar shanu don ta dace da ƙasa mai tauri, matar da ta gina murhu mai cin itace kaɗan, saurayin da ya rataya wa kekensa akwatin ɗaukar jarka huɗu. Yawancinsu sukan yi guda ɗaya su tsaya, gama ba wanda zai ɓata kuɗin hatsin gidansa a kan gwaji.

Inda abin yakan karkace

Gudummawa irin wannan tana da nata cikas, ya kamata mu faɗa a fili. Idan aka ce sai an cika takarda da Turanci, to, an riga an kori mai bukata tun kafin a fara, gurbin zai faɗa hannun ɗan boko mai iya tsara magana. Idan shugaba shi kaɗai ke zaɓe, zai faɗa hannun ɗan'uwansa. Idan ma'aikatar tana buɗe ne kawai a lokacin da mata ke daka da girki, ba za a ga mace ko ɗaya ba, alhali kuwa surfe da niƙa da ɗiban ruwa da tatsar man gyaɗa su ne ayyukan da suka fi bukatar sauƙi. Idan kuma aka miƙa tsabar kuɗi gaba ɗaya cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kada a yi mamaki in kuɗin ya koma tuwo. Ba mugunta ba ce, yunwa ce.

Waɗansu za su ce, me ya sa ba za a ba da rance ba? Rance ya dace da abin da aka san ribarsa, kamar taki ko kiwon rago. Sabuwar dabara kuwa tana iya ƙin aiki sau biyu ko sau uku kafin ta yi. Talakan da ya san bashi na jiransa ba zai yarda ya gwada ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ba sai mun jira baƙi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ƙungiyar gama kai mai mutum 40, in kowa ya ba da mudu biyu na hatsi da kaka, ta tara mudu 80. Wannan ya isa a fara da mutum ɗaya ko biyu a shekara. Ga shawarwarin da muke bayarwa:

1. A nemi wuri. A shirya da maƙeri ko kafinta ko mai walda na garin, a biya shi wani abu don ya buɗe rumfarsa kwana biyu a mako da rani, ya kuma duba aikin. Kayan aikin da ƙungiya ta saya na ƙungiya ne, a rubuta su a littafi.

2. A naɗa kwamiti na mutum biyar, a ciki har da mata biyu da mai sana'ar hannu ɗaya. Wanda ɗan gidansa ke nema, ya fita waje lokacin shawara.

3. A karɓi roƙo da baki. Mai nema ya zo ya yi bayani, ya zana a ƙasa ko ya kawo samfuri na laka ko na kara. Magatakarda ya rubuta.

4. A yi tambaya uku. Wace wahala abin zai rage, ta mutum nawa? Ana samun kayan haɗa shi a kasuwarmu? Mai nema zai iya yin sa da kuɗinsa? In zai iya, a bar shi ya yi aiki a rumfar, amma kuɗin a ba wani. A yi binciken bukata cikin sirri, kada a kunyata kowa a gaban taro. Kada kuma a tambayi addini ko ƙabila, gama maƙerin da ke gyara mana garma na dukan gari ne.

5. A sayi kaya maimakon ba da tsabar kuɗi, kashi biyu ko uku. In an ga aikin kashi na fari, sa'an nan a saki na biyu. A ƙara ɗan abin abinci na kwanakin aiki.

6. A sa wa'adi, misali daga Disamba zuwa Afrilu, kafin aikin gona ya taso. Ranar ƙarshe a nuna abin a gaban ƙungiya, manoma su gwada da hannunsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

7. In abin bai yi ba, mai shi ya faɗi dalili, a rubuta, ba za a ce ya biya ba. In ya yi, ya koya wa mutum biyu, ya kuma sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi a shekarar fari.

'Yan'uwa manoma, muna roƙo a karanta wannan a taronku na gaba. Kowa ya ambaci mutum ɗaya da ya sani, namiji ko mace, yaro ko babba, wanda ya fara ƙera wani abu ya tsaya don rashin kuɗi. A tura mutum biyu su je su gani, su tambaye shi nawa ne ya rage. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, ko an ci nasara ko ba a ci ba, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.