Tuta, Tambari da Tsage: Alamomin Mulki a Alƙalawa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba alamomin da birnin Alƙalawa ya dogara da su wajen bayyana ikonsa, a kwatanta su da abin da Turawa ke kira tutar birni da hatiminsa. A al'adarsu, tuta da hatimi na ƙasa ne ko na birni, kowa ya hau mulki zai tarar da su. Haka tutar Nijeriya ta 1960 take, kore da fari da kore, haka kuma hatiminta mai baƙar garkuwa da fararen dawaki biyu.

Tuta da Tambari

A ƙasar Hausa ma'anar tuta ta sha bamban. Lokacin jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba malamai tutoci, kamar Malam Musa na Zazzau da Ummarun Dallaje na Katsina. Mutum ake ba tutar, shaida ce ta izni daga Amirul Muminina. Sarakunan Gobir kuwa, tun daga Babari wanda ya mai da Alƙalawa gidan sarauta har zuwa Bawa Jangwarzo da Yunfa, tambari shi ne muryar ikonsu. Ba a buga shi sai don sarki, wanda ya ji shi kuwa ya san inda sarauta take.

Tsage

A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, birnin ya zama kufai. Gobirawa suka watse, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan Sabon Birni. Alamar da ta bi su duk inda suka nufa ita ce tsagen fuska, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ko da iyakar Ingila da Faransa ta raba su gida biyu, Bagobirin Isa ko Sabon Birni yana gane ɗan'uwansa na Tsibiri tun kafin su gaisa.

Kammalawa

A ganina, tsage shi ne hatimin Gobir na haƙiƙa. Amma yana gushewa, ga shi dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsage. Saboda haka wajibi ne malaman tarihi su hanzarta tattara fasalinsa da ma'anarsa daga bakin wanzamai da dattawa tun suna da rai.