Ƙarfin Jiki A Kwanakin Tsufa

Yau za mu yi magana a kan abin da muke gani kowace Lahadi a majami'a. Idan aka ce jama'a su miƙe don waƙa, akwai dattijon da sai ya dafa bencin gabansa kafin ya tashi. Akwai uwa cikin Zumuntar Mata wadda a dā takan ɗauko tulu daga rijiya har gida, yanzu buɗe kwalba ma yana gagararta. Mukan ce, "Ai tsufa ne." Gaskiya ne, amma akwai sauran magana.

Abin da ke faruwa shi ne tsokar jiki tana raguwa. Likitoci sun lura cewa daga wajen shekara 30, mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara 10. Bayan shekara 60 kuwa ragin yakan ƙara sauri. A 1989 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya ba wannan hali suna sarkofeniya, daga kalmomi biyu na Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Ɗaya tana nufin naman jiki, ɗaya kuma talauci. Wato talaucin tsoka ke nan.

Me ke kawo shi? Jijiyoyin da ke ba tsoka umarni suna raguwa da shekaru. Jikin tsoho ba ya saurin juya abinci ya zama tsoka kamar na saurayi. Haƙora sukan zube, sha'awar abinci ta ragu. Babban cikinsu kuwa shi ne zama. A wani bincike a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana 10 kawai, sai suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu. Fartanya in an jingine ta, tsatsa take yi.

Ƙafar da ba ta da ƙarfi ita ce ke kawo faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 suna mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su abin ya fi shafa. Tsoho ya karye a ƙugu, ya kwanta watanni, tsoka ta ƙara narkewa, da yawa ba su sake tashi ba.

A nan dole mu tuhumi kanmu. Saboda ƙauna da ladabi mukan ce, "Baba, zauna ka huta," ko "Mama, bari in ɗauko miki." Mun hana su gona, mun hana su kasuwa, har sujada a babur muke kai su. Girmama iyaye umarnin Allah ne, amma zaunar da su wuni guda a kan tabarma raunana su ne.

Ga labari mai daɗi. A 1990 a birnin Boston, Likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka sa tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako, har mako 8. Mutum 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. Ashe tsoka ba ta daina amsa kira, ko a shekara 90.

To, me za mu yi? Da farko mu gwada kanmu. A zauna a kujera, a harɗe hannu a ƙirji, a tashi a zauna sau 5. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙafa tana bukatar aiki. Na biyu, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, a yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, masu shekara 65 zuwa sama kuma su ƙara da koyon tsayuwa daram kwana uku. Tashi da zama a kujera, tura bango da hannu, ɗaga galan na ruwa, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, duk ba sa cin ko kwabo.

Na uku, abinci. Masana suna ba tsoho shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin, wato abin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Tuwo da kunu kaɗai ba za su isa ba. A ƙara wake, ƙosai, alala, awara, ƙuli-ƙuli, nono da kifi. Mai ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko hawan jini ya fara ganin likita. A fara da kaɗan, gama sannu sannu ba ta hana zuwa.

Littafin Joshuwa sura 14 ya ba mu labarin Kalibu. Yana da shekara 85 ya roƙi a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron, inda akwai sauran aiki mai wuya. Ubangiji ne ya kiyaye shi, shi kuma bai nemi wurin zama ba. Ikkilisiya tana bukatar dattawanta a tsaye, suna ziyarar marasa lafiya, suna koyar da jikoki. Gobe da safe, ka kama hannun Baba, ku taka tare. Ubangiji ya ƙarfafa mu duka. Amin.