Hoto ya ce babu karaya, amma gwiwa na zamewa

A filayen ƙwallo na Gwandu da tashoshin kabu-kabu na Kalgo akwai maganar da ake yi kamar hukunci: an ɗauki hoto, likita ya ce ƙashi bai karye ba, ashe targaɗe ne kawai. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa ya raba matasa da yawa da ƙwallo da kokawa.

Hoton eksire ƙashi yake nunawa. Ba ya ganin jijiyoyi huɗun da suka ɗaure cinya da ƙwauri, biyu a gefe, biyu a gicciye cikin gaɓa, kuma ba ya ganin guringuntsin nan biyu da ke zaune tsakanin ƙasusuwan kamar gammo. Yaro ya dasa ƙafa, ya juya jiki, ya ji ƙas a gwiwa, kafin magariba ta kumbura suntum: sau da yawa jijiyar gicciye ta gaba ce ta tsinke, kumburin kuma jini ne ya taru ciki. Hotonsa zai iya fitowa tsaf. Kusan rabin masu irin wannan rauni sun haɗa da lalacewar guringuntsi ko wata jijiyar. Hoton MRI ne ke nuna su. Kafin a kai nan ma, likitan da ya san hannunsa yakan gane ta hanyar riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko ya yi sako-sako. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu yana nuna ruwa da jijiyoyin gefe, amma ba a dogara da shi kan na ciki.

Ana kuma cewa injin MRI yana ƙona jini, yana hana haihuwa. Ƙarya ce. Da maganaɗisu da igiyar rediyo yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa. Mutum zai kwanta kamar rabin awa, ƙara ta dame shi, ya tashi ya tafi. Abin tsoron da ke da tushe shi ne ƙarfe: mai na'urar bugun zuciya, ko mai walda da ɓarɓashi ya taɓa shiga idonsa, ko mai harsashi a jiki, lallai ya faɗa tun kafin ya shiga ɗakin.

Wata jita-jitar daga masu hali take fitowa, wai duk yagewar da hoto ya nuna sai wuƙa. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2008 kan mutane masu shekara 50 zuwa 90 ya gano cewa kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka ga yagewar guringuntsi a hotonsu na MRI ba su ji ciwon gwiwa ba a watan da ya gabaci binciken. Dattijon da gwiwarsa ke ciwo wajen sujada galibi sanyin gaɓa ne na shekaru, eksire a tsaye ya wadatar, bai kamata a sa shi sayar da buhun shinkafa don MRI ba. Jijiyar gefen ciki ma takan warke da ɗauri da motsa jiki.

Masu ɗori fa? Ba na raina su, su ne mafi kusa da talaka. Sai dai jijiyar gicciye da ta tsinke gaba ɗaya murza da kara ba sa haɗa ta, tsaga da ƙaho a kan gwiwa mai kumburi kuma suna iya shigar da ƙwayar cuta. Duk lokacin da gwiwar ta sake zamewa, guringuntsin na iya ƙara yagewa.

Gaskiya ne hoton MRI da tsada, tafiyar ma takan kai mutum Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tiyatar kuma wani lokaci har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Shi ya sa ya kamata likita ya fara dubawa ya ce ko ana bukata. Amma gwiwar da ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ta kasa ɗaukar mai ita, ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu bayan faɗuwa daga babur, wannan a kai ta asibiti a ranar.